Nuhad a Ƙofar Kemis

TANYUS: Alo? Alo, wa ke magana?

NUHAD: Ni ce mana, yayarka. Ko tun da ka zama fadan coci sai na ce "Abuna, ubanmu" na rusuna kafin ka gane muryata?

TANYUS: Yaya Nuhad! Ina wuni? Yi haƙuri, kin san layinmu na kan dutse, sai iska ta ga dama.

NUHAD: Lafiya lau. Ya coci? Ya mutanen ƙauye?

TANYUS: Suna nan suna rigimar ruwan gona. Ya Sarkis? Ya 'yarki Rima da karatu?

NUHAD: Rima lafiya. Mama fa, ƙafar ta sake ta?

TANYUS: Da sauƙi. Jiya ma a kan tsani na kama ta tana cirar tuffa. Ta ce in tambaye ki, man zaitun ɗin ya iso?

NUHAD: Ya iso, ka yi mata godiya.

TANYUS: Na ce ya Sarkis?

NUHAD: Sanyi ya fara can wajenku?

TANYUS: Yaya, sau biyu ina tambayar mijinki kina kawo min sanyi. Kuma ƙarar motoci nake ji. Ina kike?

NUHAD: Juniya. Kemis na zo.

TANYUS: Daga Batrun har Juniya? Kemis ɗin unguwarku fa?

NUHAD: Mai shi ɗan ƙanwar Sarkis ne. Kafin na kai gida labari ya riga ni. Tanyus, kai kaɗai ne a wurin?

TANYUS: Ni kaɗai. Me ya faru?

NUHAD: Sarkis ne. Ramar nan da muke ta cewa ciwon suga ne... ba suga ba ne. Ƙanjamau ne.

TANYUS: Me? Layin ya... kin ce me?

NUHAD: Ka ji ni sarai, kar ka sa ni maimaitawa a bakin titi.

TANYUS: Ya Budurwa Maryamu! Ke fa? Ke fa, Yaya?

NUHAD: Sau biyu aka gwada ni a Beirut. Babu. Rima ma babu.

TANYUS: Mun gode Allah. Mun gode Allah! To shi a ina...

NUHAD: Ya ce ƙarin jinin da aka yi masa ne, lokacin da ya yi hatsari yana aiki a Abijan.

TANYUS: Kin yarda?

NUHAD: Da safe na yarda, da yamma ban yarda ba. Bar wannan, ba shi ya sa na kira ka ba. Likitar da ke duba shi ta ce in saya mana kwaroron roba.

TANYUS: Kwaro? Wane irin kwaro kuma?

NUHAD: Kwaroron roba, Tanyus! Na maza! Ka ga ka sa wani mai babur ya juyo yana kallona.

TANYUS: Au. Au... to.

NUHAD: "To" kawai? Ta ce maganin da ya fara sha zai kwantar da ƙwayar cutar. In an yi watanni gwaji ya nuna ta kwanta sosai, ba zai iya sa min ba. Amma kafin nan sai da roba, kowane lokaci, ba fashi. Har takardar bincike ta nuna min, ma'aurata irinmu birjik.

TANYUS: To ai likita ta yi magana.

NUHAD: Na je furta zunubi ran Asabar, na tambayi fadan cocinmu, Abuna Butrus. Ya ce haram, ko da wasa. Wai mu zauna kamar wa da ƙanwa, shi ne gicciyen da Allah ya ɗora mana. Kuma wai robar ma tana da ƙananan ƙofofi, cutar na wucewa ta ciki abinta.

TANYUS: A'a, wannan ta ƙofofin ba koyarwar Coci ba ce. Tsoho ne, wani wuri ya tsinto ta.

NUHAD: Likitar ma da na gaya mata sai da ta cire tabarau ta dafe kai. Ta ce ƙarya ce tsagwaronta. To in ta ƙofofin ba ta Coci ba ce, ɗayar fa? A zama ɗaya ya faɗa min su, da murya ɗaya. Ta ina zan gane wacce ce ta Allah, wacce ce ta Abuna Butrus?

TANYUS: Ɗayar... ɗayar tana nan a rubuce. Abin da aka koya mana shi ne, miji da mata ba sa toshe ƙofar haihuwa da gangan.

NUHAD: Wace haihuwa? Shekarata arba'in da tara, al'ada ta ɗauke min tun bara waccan.

TANYUS: Haba Yaya! Ƙaninki ne fa ni.

NUHAD: Fada ne kai. Matan ƙauyen nan suna gaya maka abin da ya fi wannan ta bayan labule. Ƙofar da Allah ya riga ya rufe da kansa, ni ce zan toshe ta?

TANYUS: Ba haka... wato, maganar ba a kan haihuwar kaɗai take ba, a kan yadda shi abin... Alo? Kina ji?

NUHAD: Ina ji, ban dai gane ba.

TANYUS: Ni ma jira in tattaro ta. Muna makarantar fada, malamanmu biyu sun taɓa yin wannan musun a gabanmu. Ɗaya ya ce in niyyar kare rai ce, ba hana ciki ba, hukuncin daban ne. Ɗayan ya ce niyya ba ta wanke aikin.

NUHAD: Wa ya yi nasara?

TANYUS: Aka kaɗa ƙararrawar cin abinci.

NUHAD: Wallahi Tanyus, da kana kusa da na kwaɗa maka jakar nan.

TANYUS: Ba wasa nake ba, haka aka tashi. To amma Yaya, watanni ne fa kawai. Ba za ku iya haƙuri ba har maganin ya...

NUHAD: Ka ɗauka don jin daɗi na shiga mota tun daga Batrun? Tun ranar da na gaya wa Sarkis maganar Abuna Butrus ya kwashe shimfiɗarsa ya koma ɗakin keken ɗinki. Ya ware kofinsa da cokalinsa, alhali likita ta ce ba ta nan ake ɗauka ba. Na yi masa kibbe irin wanda yake so, ya ci a tsaye a kicin. In na taɓa kafaɗarsa sai ya zabura kamar wuta ce. Shekara ashirin da shida da aure, Tanyus. Shekaranjiya na ga ya sauko da akwatinsa daga kan kabad.

TANYUS: Zuwa ina?

NUHAD: Wai Abijan. Wai gara ya mutu inda ba wanda zai riƙa wanke hannu bayan ya gaisa da shi. Kuma jiya na duba kwalbar maganin, kwana uku bai taɓa ta ba.

TANYUS: Ya Yesu.

NUHAD: Ka gane yanzu? In na bi Abuna Butrus, mutumin nan zai tafi ya mutu. In na je masa haka kawai, likita ta ce ni zan kwana a ciki. In na bi likita, ran Lahadi da wace fuska zan miƙa baki a ba ni Jibin Ubangiji?

TANYUS: Bari in kira bishop. Ko in rubuta wa tsohon malamina, kwana biyu kacal...

NUHAD: Ƙarfe biyar motar Batrun ke tashi. Ina tsaye a ƙofar kemis ɗin nan tun uku da rabi, har yarinyar ciki ta leƙo ta tambaye ni ko jiri nake ji. Ba bishop na kira ba. Kai na goya, kai na kira. In shiga ko kar in shiga?

TANYUS: Da bakin fada kike so in amsa, ko da bakin ƙaninki?

NUHAD: Baki nawa gare ka?

TANYUS: Yaya...

NUHAD: Katina ya kusa ƙarewa, matar kamfanin waya ta riga ta yi min gargaɗi.

TANYUS: To saurara. Allah ya gafarta min in na yi kuskure, ni zan ɗauka ba ke ba. Ni dai abin da na... ki... shiga... Sarkis ya... ran Lahadi kuma...

NUHAD: Me? "Ki shiga" ka ce ko "kar ki shiga"? Alo? Yankewa yake yi!

TANYUS: Na ce... Alo? Bari in fita waje wajen ƙararrawa, ya fi kamawa. Kina ji na yanzu? Cewa na yi...

NUHAD: A'a, tsaya. Kar ka maimaita.

TANYUS: Yaya, ai ba ki ji...

NUHAD: Na ce kar ka maimaita, Tanyus. Bar ni da wadda na ji. Ka gaida Mama.

TANYUS: Wacce kika ji? Yaya Nuhad! Wacce kika ji? Alo? Alo?