Barkonon Kallo

Ranar kasuwar Tambuwal ina jiran a auna mini gero, sai wani mutum ya durƙusa gaban wata tsohuwa mai sayar da barkono.

"Inna, kina da barkono mai launin shuni?"

"Shuni? A gonar wa ka taɓa ganinai?"

"Na Nasaran da nika yi wa ban ruwa ne. Irin kakanninai ne, daga ƙasarsu. Cikin tukwane munka shuka, don kallo kawai."

"Kallo? Rijiyoyi na ƙafewa, kai kana shayar da tukunya don ido!"

"Ya tafi rangadi Kebbe, na kai tukwanen gida gudun awaki. Matata ta tsinke 'ya'yan tas, ta zuba a miya. Gobe shina dawowa, Inna. Aikina ya tafi!"

"Allah shi yi mata albarka! Ita kaɗai ce mai hankali cikinku. Kai da ka ci tuwon, ba ka gane ba?"

Mutumin ya sunkuyar da kai.

"Tun lomar farko na gane."

"Sai ka yi mi?"

"Sai na nemi ƙari."