Matsattsen Siket Ga Mai Jego

A bencin ƙofar ɗakin haihuwa, wani tsoho ya leƙa ledar angon ƙarnin da ke gefensa.

"Tun daga nesa na hango ɓarnar nan, kafin kowa. An yi wa matarka aiki, ka kwaso mata matsattsen siket?"

"Baba, ina ruwanka? Shi ta fi so."

"Da ciki a ɗinke? Ina zannuwa? Ina riga mai maɓalli saboda shayarwa?"

"Ban san inda take ajiye su ba."

"A gidanka? Ni ban yi boko ba, amma na yi zaman bencin nan tun ba a haife ka ba. In kana musu, shiga ka miƙa wa surukarka siket ɗin. Ina nan, zan ga da wace ƙafa za ka fito."