Inuwar Rimin Tashar Makarfi

A tashar Makarfi ana jiran motar Zariya, Ɗan'azumi ya haɗa kai da littafin lissafi kamar zai yi kuka. Wani dattijo mai buzu da buta ya dube shi.

"Samari, wa ya rasu?"

"Ba kowa, Baba. Gobe jarrabawar kwalejin malamai, in na faɗi sai gona. Wai a faɗi tsawon itace ba tare da an hau ba."

"Ikon Allah! Turawa sun tafi sun bar muku hawan itace a takarda? Tashi, auna inuwarka da tafin ƙafa."

Ɗan'azumi ya auna. "Bakwai, Baba."

"To, tsawon mutum ƙafarsa bakwai ne. La'asar ta yi ke nan. Haka muke gane ta a Likoro tun ban yi gemu ba. Yanzu inuwar kowane abu daidai take da tsawonsa. Rimin can fa?"

Ɗan'azumi ya dubi rimin, ya dubi alwatikar da ke littafinsa.

"Digiri arba'in da biyar! Gefe biyu daidai!" Ya ruga yana taka inuwar rimin. "Ƙafa casa'in, Baba!"

"In inuwarka ta ninka tsawonka fa?"

"Sai in raba ta rimin biyu!"

Dattijon ya yi dariya, ya miƙa masa buta.

"Ka ci jarrabawa, ɗana. Saura abin da aka auna inuwar dominsa."