Kwalin Baba Altine

A tashar Bodinga, cikin motar zuwa Shagari da ke jiran cika, Baba Altine ya rungume wani kwali bisa cinya. Magidancin da ke gefensa ya gaji da matsi.

"Baba, a kai kwalin ga bisa mota mana."

"Cikin albasa? Littattafai na, ɗana. Waƙoƙin ɗiyata Zulaihatu, jiya anka gama buga su."

"Wadda tak karanta waƙa makarantar Sifawa ran Asabar? Ai ina wurin! Ka je?"

"Mi za ya kai ni? Ni da nac ce mata ta bar aikin banza, ta riƙe koyarwarta."

"Ka yi asara. Waƙar da tay yi kan rijiya..."

"Tafki dai, tafkin garinmu. Sai da jama'a sunka sa ta maimaita. Har hedimasta ya share hawaye."

"Kai da ba ka je ba?"

Baba Altine ya gyara hula.

"Akuyata ta ɓace. Nemanta ya bi da ni bakin tagar makarantar."

"An gan ta?"

"Ashe tana gida ɗaure. Ja gwiwarka, ɗana, kana danne sunan ɗiyata ga jikin kwali."