Yaya Sani Da Kan Dawa

Assalamu alaikum Malam mai gabatarwa, da fatan kana lafiya, ya aiki? Ni ne Habibu, daga wani ƙauye kusa da Minjibir.

Yayana Sani direba ne a ƙasar waje, kuma ƙasar da yake ita ta karɓi baƙuncin gasar ƙwallo ta duniya. Mu nan kullum muna gidan kallo har ba masaka tsinke. Ranar wani babban wasa na kira shi ta bidiyo, abokaina sun kewaye ni. Na ce, "Yaya, don Allah nuna mana filin!"

Ya juya wayar ta taga. Malam, ga filin nan kamar dutse, jama'a kamar fari! Abokan ɗakinsa 'yan wasu ƙasashe duk sun shafa fenti a fuska sun tafi, har tikiti suka ba shi ya ƙi. Shi yana zaune yana shan shayi.

Na ce, "Haba Yaya, kana da hankali kuwa?"

Ya ce, "Habibu, an yanke dawar Baba?"

Na ce ba a gama ba. Ya ce in je gona in nuna masa. Na taka har can, na saita wayar a kan wani kan dawa da ya ƙosa. Sai na ga yana share ido. Ya ce, "Kar ka motsa, bar ni in kalla."

Wallahi sai ni ma na tsaya ina kallo. Dawar da nake wucewa kullum ban ko dube ta!

Masu sauraro, ni da shi wa ya yi kallo ranar? A gaida mini 'yan gidan kallonmu, da duk wanda ke nesa da gonar ubansa.