Abin da Ya Kawo Mai Gashin Burodi Aji

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu ta manya, malamanmu masu haƙuri da ƙwaƙwalwar tsofaffi, manyan baƙi, 'yan'uwana ɗalibai da muke kammala karatu a yau, da iyalanmu da suka cika kujerun baya, ina yi muku barka da zuwa.

Ina gode wa Allah da ya nuna mana wannan rana, ina kuma gode wa Malamarmu ta Turanci, wadda ta ce kowane ɗalibi ya zaɓi magana ɗaya ya yi wa jama'a bayaninta. Tela ya ɗauki put on, makanike ya ɗauki break down, ni kuwa mai gashin burodi na ɗauki look up to, domin ita ce ta kawo ni ajin nan da furfurata.

Da farko, ma'anarta. Idan aka ce wane yana look up to wane, ana nufin yana ganin girmansa, yana sha'awar halinsa, yana fatan ya zama kamarsa. Ku lura, jama'a, ta fi so nauyi, domin ana iya son mutum ba tare da an yi fatan zama irinsa ba.

Na biyu, yadda ake faɗinta. Misalina ba daga littafi na ɗauko shi ba. Bara, ranar ba da kyaututtuka a makarantar 'yata, aka kira ta gaban jama'a, ta buɗe baki ta ce, "I look up to my uncle." Ban ji komai ba, amma na fi kowa tafi, har tafin hannuna ya yi zafi. Mutumin da ke kusa da ni ya ce, "Halan kai ne baffan nata?" Na ce, "Ni ne ubanta." Ya ce, "Ayya." Sannan ya fassara mini.

Baffan nan ƙanina ne, uwa ɗaya uba ɗaya, direban tasi, ga shi can a baya yana murmushi. Ni na goya shi, ni na share masa majina, ni na riƙe masa keke har ya iya. Yau shi 'yata take so ta zama! Ba zan ɓoye muku ba, kishi nake yi, kuma har yanzu bai sake ni ba.

Na uku, wa ake faɗa wa ita? Malama ta ce wanda ake gani yana abin burgewa. To, a nan aka bar ni a baya. Mu masu burodi da dare muke shiga aiki, da asuba muke fitowa. Lokacin da yarinya take ɗaura takalmin makaranta, ina kwance ina munshari, da gari a girata. Lokacin da ta gama aikin gida, ina neman hulata zan fita. Shi kuwa kullum safe zai ɗauke ta a mota, ya kunna rediyon Turanci, tana faɗa yana gyara mata, suna dariya. Burodin da take ci a motar tasa ma hannuna ne ya murza shi, amma wa ya gani? Abin da ya fi ba ni haushi shi ne, na neme shi da laifi na rasa. Ajin nan ma shi yake kawo ni.

Na huɗu, ba a roƙonta. Na tambayi Malama ko zan iya ce wa yarinya look up to me. Ta yi dariya ta ce, "Jimlar daidai take, Baba, sai dai ban taɓa jin wanda ya faɗe ta ya samu ba."

Saboda haka na je wurin mai gidan burodinmu, na ajiye shugabancin tanderu, matsayin da na tsufa ina nema, na koma aikin rana tare da masu yanka burodi da ƙulla shi. Abokan aiki sun ce na zare. Su ce. Daga Litinin, ni zan riƙa kai 'yata makaranta a kan tsohon babur ɗina, idona biyu, fuskata a wanke. Ƙanina, ka ji da kunnenka, a gaban shaidu.

Da na gaya wa 'yata jiya, sai ta ce, "To Baba, wa zai riƙa gyara mini Turancina a hanya?"

Na ce, "Babu. Ke za ki riƙa gyara nawa."

Ta ce, "Sai dai mu riƙa fita da wuri."

Allah ya saka wa malamanmu da alheri, Allah ya albarkaci 'ya'yanmu, ya sa su gan mu a farke. Allah ya ba ƙanina fasinjoji masu yawa, musamman da safe. Allah ya mai da kowa gidansa lafiya.

Na gode.