Alamar da Aka Buɗe Ba a Rufe Ba

Shugaban wannan taro, shugabar makarantarmu, malamanmu, iyayenmu maza da mata, da 'yan uwana da aka yaye mu tare yau daga ajin kwamfuta, assalamu alaikum.

Na gode da aka ba ni wannan dama, ko da yake Allah ya sani na so a ba wata.

An ce in faɗi abu ɗaya da na koya. Zan faɗi yadda ake ceto rubutun da fayil ɗinsa ya ƙi buɗewa, domin ya faru da ni. Wata biyar ina rubuta wani labari a ɓoye, shafi sittin da uku. Umma, yau kike jin wannan, ki yafe mini: ba duka ne aikin makaranta ba. Wata safiya na danna fayil ɗin, kwamfuta ta ce ya lalace. Ba ni da wani kwafi, kuma kunya ta hana ni nuna wa kowa, saboda labarin na soyayya ne.

Kwana uku ina kuka kafin na je wurin Malama mai koya mana kwamfuta. Na ce, "A taimake ni, amma kada a karanta." Ta yi murmushi, ta juya kujerarta ta ba allon kwamfutar baya, ta ce, "To, ke ce idona."

Da farko ta sa na yi kwafi, don kada garin gyara a ƙarasa na asali. Na biyu, na sauya wutsiyar sunan fayil ɗin zuwa zip, sai ga shi ya buɗe kamar akwati. Na uku, na ɗauko babban rubutun ciki, na buɗe shi da 'yar manhajar nan ta rubutu zalla da muke rainawa. Kalmomina suna nan, ko ɗaya ba ta ɓata ba, sai dai alamomi sun kewaye su. Malama ta ce kowace alama da aka buɗe dole a rufe ta, kuma ɗaya tak da aka bari a buɗe ta isa ta tsayar da littafi guda.

Na samo alamar da ba a rufe ba. Malama ta ce, "Karanta mini abin da ke gabanta, in san inda za a rufe." Na ce ba zan iya ba. Ta ce, "To, mu tashi." Jama'a, sai na runtse ido ɗaya na karanta: "Ya sunkuyar da kai ya ce, ranki ya daɗe, tun ranar da…"

Na rufe alamar, na mayar da komai, fayil ya buɗe. Malama, har lokacin ba ta juyo ba, ta ce, "Tun ranar da me? Kada ki bar ni a nan!" Ranar ta tafi gida da shafi sittin da uku, ni da kaina na miƙa mata.

Allah ya saka wa malamanmu, ya ƙara wa iyayenmu haƙuri da mu, ya tsare mana abin da muka rubuta, ya mayar da kowa gidansa lafiya.

Na gode.